Baƙin mai a ruwan lagireto: yadda za ka gano ta inda ya shigo kafin a kwance maka inji

Duk direban da ya buɗe murfin lagireto da safe ya tarar da maiƙo yana yawo a saman ruwa, ko ruwan ya yi kauri ya koma kamar shayi da madara, magana ɗaya zai ji a yawancin garejin Damagaram, daga Zango har Sabon Gari: "Juwan kulas ne, Alhaji, sai an buɗe." Wani lokaci gaskiya ne. Sai dai juwan kulas, wanda ƴan Kano ke ce wa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji (kulas) da jikinsa, ɗaya ne kawai cikin ƙofofin da mai ke bi ya shiga ruwa, kuma shi ya fi kowacce tsadar dubawa. Akwai motocin da aka kwance musu kan inji, aka kai shi wurin masu goga, aka sa sabon juwan, bayan sati maiƙon ya dawo, don tun farko ba nan ciwon yake ba. Tsarin da ke ƙasa yana farawa ne daga binciken da ba ya cin ko dala, har zuwa wanda sai an zare kusoshin kulas.

Kafin a taɓa komai, akwai abu guda da ya kamata ka riƙe. Mai da ruwa duka suna zagaya cikin inji, kowa da hanyarsa, amma ƙarfin turawarsu ba ɗaya ba ne. In mota tana tafiya, famfon mai yana tura shi da ƙarfin da kan kai bar 3 zuwa 5 (bar ma'aunin matsi ne). Ruwa kuwa ba ya wuce abin da aka rubuta a kan murfin lagireto, galibi 0.9 ko 1.1. Saboda haka in ƴar kafa ta buɗe tsakaninsu, mai ne ke cin galaba ya kutsa cikin ruwa. Da ka kashe inji sai abin ya juye: ƙarfin mai ya faɗi nan take, ruwa kuma yana nan da zafinsa da matsinsa na wani lokaci, sai shi ma ya samu damar gangarawa cikin mai in kafar ta yi girma. Wannan shi ya sa ake samun mota da lagireto cike da maiƙo alhali man injinta na ƙasa tas yake.

Mataki na farko: tabbatar mai ne

Ka bari inji ya huce sarai. Ruwan da ke cikin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da ka murɗe murfi sai ya yi tsartuwa ya sale maka fuska da hannu. Da asuba ya fi, bayan motar ta kwana a tsaye.

Ka samu sirinji babba da ƴar tiyo, ko ka kwance ƙasan lagireto kaɗan, ka ɗebi ruwan a gorar roba mai haske, ka ajiye ta a inuwa wasu awoyi. Mai yana tasowa sama ya yi zobe. Tsatsa da laka suna kwanciya ƙasa, ruwan ya bar ja-ja a tsakiya. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, domin motar da ta shekara tana shan ruwan rijiya ko na ƴan garuwa takan yi wani jan kumfa a wuyan lagireto wanda ido zai ɗauka mai ne. Ɗiga shi a farar takarda: in ya bushe ya bar gari, tsatsa ce, in ya bar tabo mai sheƙi da ba ya bushewa, mai ne. Ka murza tsakanin yatsu, ka kuma shinshina. Baƙin man inji, musamman na mota mai gazuwal, baƙi ne wuluk da ƙaurinsa. Man giyar otomatik ja ne, in ya haɗu da ruwa ya koma ruwan hoda.

Sannan ka yi wa kanka tambayoyin da ba kowane makaniki ke yi ba. Da wace jarka ake ƙara wa motar ruwa? Direbobinmu na hanyar Tanut da Gure ba sa rabuwa da jarkar ruwa, kuma sau tari tsohuwar jarkar baƙin mai ce da ba a wanke sosai ba. Ƴan ɗigo kaɗan sun isa su yi maiƙo a wuyan lagireto. An taɓa yi wa injin aikin kulas a baya? Ko an sa masa lagireton hannu da aka sayo a kasuwa? Ragowar tsohon mai kan maƙale a lungunan inji ya riƙa fitowa watanni. Akwai kuma yaron gareji sabon shiga da kan zuba mai a bututun da ba nasa ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, ka wanke hanyar ruwa tukuna, ka yi alama a sandar awon mai, ka yi tafiyar kwanaki. In maiƙon bai ƙaru ba, man kuma bai ragu ba, ka tsira da kuɗinka.

Mataki na biyu: duba ɓangaren mai

Zaro sandar awon mai a wuri mai daidaito. Abu biyu kake nema: yawansa da launinsa. Man da ke raguwa ba tare da ɗiga a ƙasa ko shuɗin hayaƙi a salansa ba, wani wuri yake zuwa. Man da ya ƙaru da kansa ya haye alamar sama, ya yi fari-fari, ruwa ne ya shige shi.

Buɗe murfin zuba mai ka duba cikinsa. Ɗan farin kumfa a nan kaɗai ba hujja ba ce. A sanyin Disamba da Janairu, motar da ba ta wuce daga gida zuwa kasuwar Dole takan tara raɓa a murfi saboda injin bai taɓa ɗaukar zafi sosai ba. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na kusar juye. Bayan mota ta kwana, ka sassauta kusar ƙasan kaskon mai a hankali, kada ka cire ta duka. Ruwa ya fi mai nauyi, yana kwana a ƙasa, don haka in akwai shi, shi zai fara ɗigowa.

In ka ga ruwa a nan, kada ka sake tayar da motar. Man da ya gauraya da ruwa ba ya riƙe kusine, wato faifan ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansu. Tafiyar da ba ta fi daga Damagaram zuwa Mirya ba tana iya mayar da gyaran juwan ya zama sayen inji. A ja ta zuwa gareji.

Mataki na uku: in motar otomatik ce

Masu giyar hannu su tsallake nan. A yawancin motocin otomatik, man giya yana bi ta wani ƙaramin bututu da aka binne cikin tankin lagireto don ya huce. Za ka gane shi da siraran bututai biyu da suka fito daga buwat, wato akwatin giya, suka shiga ƙasan lagireto ko gefensa. In tsatsa ta huda wannan bututun, man giya ya shiga ruwa, ruwa kuma ya shiga giya.

Zaro sandar awon man giya. Ja garau ko ja mai duhu, lafiya. Ruwan hoda mai kauri, an samu matsala. Don tabbatarwa, a cire bututan biyu daga lagireto, a toshe baki ɗaya, a hura iska a ɗayan da sauƙi, murfin lagireto a buɗe, ruwa a cike. Kumfa ta taso, ka kama ɓarawo. Maganinsa sabon lagireto, da juye man giya fiye da sau ɗaya, kuma da gaggawa, domin ruwa yana saɓule fatar faifan kuloc na cikin buwat. Injin kansa ba ruwansa, babu dalilin taɓa kulas.

Mataki na huɗu: na'urar sanyaya mai

Nan ne nake ganin ya fi cancanta a tsaya, don nan aka fi yin tsallake. Injuna da yawa, musamman masu gazuwal, suna da wani ƙaramin akwati na faifan ƙarfe jere-jere inda mai ke bi ta gefe ɗaya, ruwa ta ɗayan, bango siriri a tsakaninsu. A Peugeot 406 mai injin HDi da Golf da danginsu, akwatin alminiyom ne da ke zaune tsakanin filtar mai da jikin inji, tiyon ruwa biyu suna shiga cikinsa. A injunan Toyota irin 2L, 3L, 5L na Hilux da Hiace, da 1HZ na Land Cruiser, a ɓoye yake cikin ruwa a gefen bulok, wato gangar jikin inji, bayan wani dogon murfin alminiyom. Man da ke bi ta nan yana cikin cikakken ƙarfinsa, bai daɗe da barin famfo ba, don haka ko huda ƙarama ce sai ta cika lagireto.

Alamarsa tana da sauƙin ganewa ga wanda ya natsu. Mai yana da yawa a ruwa, har ya riƙa malalowa ta jarkar ajiyar ruwa. Amma injin yana tashi bugu ɗaya, yana da ƙarfinsa, ba ya girgiza, ba farin hayaƙi, kuma bai taɓa tafasa ba kafin abin ya fara. Motar da ke haka, zargin farko na na'urar sanyaya mai ne.

Irin na waje yana da gwaji mai sauƙi. A cire tiyon ruwa biyu daga jikinsa, a haɗa su da juna da gajeren bututun ƙarfe, a bar bakunansa biyu a buɗe, a goge su tas. A tayar da inji a ɗan taka totur na mintuna. In mai ya fara tsattsafowa ta bakunan da ruwa kaɗai ya kamata ya bi, magana ta ƙare. Wannan haɗin na gwaji ne, ba na tafiya Agadas ba. In aka bar shi haka, man zai riƙa ɗaukar zafin da ya fi ƙarfinsa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin garin nan ke haura digiri 40.

Na cikin bulok sai an juye ruwa an ciro shi. A toshe baki ɗaya, a kai wurin mai faci a ba shi iska kimanin bar 3 zuwa 4, a tsoma shi a bokiti. Ruwan bokitin ya zama mai zafi. Wannan ba ƙaƙale ba ne: tsagar da ke rufe a sanyi tana buɗewa in ƙarfe ya ɗumama, kuma da yawa sun gwada a ruwan sanyi suka mayar da ruɓaɓɓen abu jikin mota. A duba robobin da ke bakinsa ma, domin wani lokaci shi kansa lafiyarsa ƙalau, roba ce ta bushe ta tsage. Kuma duk lokacin da aka ciro shi, ko da bai da laifi, da sababbin robobi da sabuwar takarda ake mayar da shi.

Me ke huda shi? Ruwa. Kowa ya san halin ruwa a Damagaram, direba abin da ya samu yake zubawa, na rijiya, na tabki, wani lokaci har da yashi. Ruwa zalla ba shi da maganin da ke hana ƙarfe ci, kuma bangon faifan nan bai da kauri.

Mataki na biyar: yanzu ne juwan kulas

In giya ta fita daga zargi, na'urar sanyaya mai ta fita ko motar ba ta da ita, sai a juyo kan kulas. Tambayar farko: motar ta taɓa tafasa? Bel ya taɓa tsinkewa a hanya, fanka ta taɓa mutuwa, allurar zafi ta taɓa hawa ja aka ce bari a ƙarasa gari? Kulas ɗin alminiyom yana lanƙwasa in ya sha zafi, juwan ya daina kamawa. Wasu injunan ma an san su da tsagewar kulas bayan zafi, kamar 1KZ da 2L mai turbo.

Fara da abin da ba ya buƙatar kayan aiki. Inji a sanyaye, lagireto a cike har wuya, murfi a buɗe, a tayar. Kumfa ɗaya-biyu ta iskar da ta maƙale ba komai ba ce. Kumfar da ke tasowa a jere ba ta yankewa, tana ƙaruwa in an taka totur, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Ko ka ɗaure ƴar leda a wuyan lagireto da roba; in ta kumbura cikin minti ɗaya ko biyu, ruwa bai ma ɗumama ba, amsa ce. Haka nan in murfi a rufe yake, tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗau zafi ba. A ƙara da farin hayaƙin da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, da girgizar safe da ke wucewa bayan ɗan lokaci, da ruwan da ke ƙarewa ba a ga inda ya zuba ba.

Zaro buji, wato filogi, ka jera su bisa tsarin silinda. Wanda ya fi sauran haske, kamar an wanke shi, tururi ne ya goge shi, silindarsa ce ke shan ruwa.

Daga nan sai kayan gareji. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a wuyan lagireto a hura zuwa ƙarfin da ke rubuce a murfi, kada a wuce, a zuba wa allurar famfon ido minti 15. In ta sauka kuma ba ɗigo a waje, ruwan ciki yake zuwa. Akwai shuɗin ruwan gwaji da ake sawa a wani bututu a bakin lagireto. In hayaƙin inji yana cikin ruwa, yakan juya rawaya a mota mai esans, kore-kore a mai gazuwal. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma ya cancanci a nema. Sai awon matsin silinda: abin dubawa shi ne bambanci tsakaninsu, bai kamata ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, juwan ne ya ƙone a tsakaninsu.

Ga inda ake faɗawa rami. Juwan yana iya fashewa tsakanin ramin mai da ramin ruwa kawai, bai taɓa zoben silinda ba. Irin wannan motar za ta ci duk gwaje-gwajen nan: ba kumfa, ba hayaƙi, matsi daidai, shuɗin ruwa bai canza ba, amma mai yana ta shiga. To ka ga dalilin da ya sa aka bi matakan baya da tsari. In an tabbatar mai ne, yana ƙaruwa, ba daga giya ba, ba daga na'urar sanyaya mai ba, abin da ya rage shi ne juwan, ko tsaga a kulas, ko a bulok. A lokacin buɗewa ta halatta.

Mataki na shida: in an buɗe, ka tsaya a wurin

Kada ka bari a jefar da tsohon juwan. Ka ce maigidan gareji ya nuna maka inda ya fashe. Juwan da ya yi laifi yakan bar shaida: ƙuna, tsaga, ko layin da mai ya bi ya wanke. In an juya shi gaba da baya ba a ga komai ba, to a ƙara zargin kulas ɗin kansa.

A goge fuskar kulas a ɗora mata miƙaƙƙen ƙarfen awo, a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, a riƙa zura siraran faifan awo a ƙarƙashi. A injunan esans da yawa iyakar lanƙwasa milimita 0.05 ce, kowane inji da adadinsa a littafinsa. A duba tsakanin bawul da bawul da kewayen ramin buji ko injekta don neman tsaga. Tsagar da ke cikin hanyar mai ido ba ya ganinta, sai an toshe ramukan an ba kulas iska a ruwan zafi. Gogar fuska ba ta maganin tsaga, kuma kulas yana da iyakar abin da za a iya ci daga jikinsa.

A injin gazuwal juwan yana da kauri iri-iri, ana gane su da ƴan ramuka ko yanka a gefensa, kuma ana zaɓa ne bisa yadda fistin ke leƙowa saman bulok. Ka tafi shago da tsohon a hannunka. Wajen ɗaurewa kuwa, sai da sifanar awo, daga tsakiya zuwa waje, hawa-hawa. Ɗaurin da ake yi da dogon bututu da ƙarfin damtse shi ke dawo da mota gareji kafin damina.

Mataki na bakwai: wanki

An gyara kafar, amma man da ya riga ya shiga yana nan, kuma yana da ɓarnarsa. Yana manne wa bangon lagireto ya hana zafi fita. Yana cin robar tiyo, ta kumbura ta yi laushi, wata rana ta fashe a hanya. Matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya yi taɓo-taɓo ko ya ƙara kauri a baki, a canza. Murfin lagireto ma a canza, robarsa ta sha mai.

A cire tamostat, wanda makanikanmu ke kira kalosta, na lokacin wanki kawai. A zuba ruwa mai tsabta da maganin wankin lagireto ko sabulun ruwa marar kumfa, a kunna hita zuwa ƙarshen zafi. Na san a garin nan hita ba ta da masoya, amma tana da ƙaramin lagiretonta a bayan dashbod, mai yana ɓuya a can ya dawo daga baya. A bar inji ya ɗau zafi, a kashe, a bari ya huce, a juye, a sake. Sai ruwan ya fito garau ake dainawa, kuma hakan kan ɗauki zagaye da dama. Kada a zuba esans ko gazuwal, suna ƙarasa robobi. Kada a sa soda a lagireton alminiyom, tana cin sa. Garin sabulun wanki kuma kumfarsa ba ta fita da wuri. Jarkar ajiyar ruwa a ciro ta a wanke daban.

A mayar da kalosta. Al'adar jefar da shi wai don ƙasarmu da zafi ba ta taimakon inji. Shi ke tsayar da zafi a inda ya dace, a Toyota da yawa yana buɗewa ne a digiri 82. A cika da ruwan sanyaya inji na gaskiya, mai launi. In irin wanda ake surkawa ne, da tataccen ruwa irin na batir za a surka shi, ba da na leda ba. Tsohon ruwan da aka juye kuma kada a watsar da shi a bakin titi: yana da zaƙi, yana da guba, awaki da kaji suna sha su mutu.

Makonnin farko za ka iya ganin ɗan siririn maiƙo a wuyan lagireto, ragowa ce ke fitowa daga lunguna. Ka tsane shi da tsumma kowace safiya, ka riƙa duba sandar mai a wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Maiƙon ragowa raguwa yake kullum. Wanda ke ƙaruwa, tare da man da ke sauka, yana nufin akwai kafa ta biyu da ba a gano ba, sai a koma mataki na huɗu.

In a hanya abin ya same ka

Tsakanin Tanut da Agadas ba inda za ka yi waɗannan gwaje-gwajen. Abin da za ka iya shi ne ka bari inji ya huce, ka duba sandar mai da ta giya. In duka biyun tas suke, allurar zafi kuma tana tsakiya, kana iya lallaɓawa zuwa gari mafi kusa: ba gudu, ba na'urar sanyi, kana tsayawa akai-akai kana cika mai da ruwa, kana taɓa tiyo. In man inji ya yi fari, ko na giya ya koma ruwan hoda, ko allura ta fara hawa, ka kashe ta nan inda take, ka nemi mai ja.